Minjirya, Ƙofofin Sodiyam da Sankarar Mama

Duk masuncin da ke jefa taru a tafkin Kainji, daga Shanga zuwa Yawuri da Ngaski, ya san minjirya: ka taɓa ta, hannunka ya sage. Lantarkin nata daga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙofofi yake fitowa a jikin ƙwayoyin halittarta, waɗanda ke buɗewa sinadarin sodiyam ya kwarara ciki. Mu ma muna da irinsu. Da su jijiya ke kai saƙo, da su zuciya ke bugawa.

Abin mamaki, sai ga ƙofar da aka sani a zuciya, mai suna Nav1.5, a cikin ƙwayoyin sankarar mama. A 2005 ayarin Farfesa Mustafa Djamgoz na Kwalejin Imperial da ke Landan ya nuna cewa ƙwayoyin da suka fi bazuwa su suka fi yawan wannan ƙofa. In sodiyam ya shiga, sai ƙwayar ta riƙa fitar da tsami a kewayenta, tsamin ya zaburar da sinadaran da ke narkar da naman da ya tsare ta. Ta nan take sulalewa zuwa kaluluwar hammata, ta wuce huhu, hanta ko ƙashi. Bazuwar nan ita ce ta fi kisa, ba kullutun da ke nonon ba. (Kada a ɗora wa gishirin miya laifi, ba a kansa ake magana ba.)

To, a toshe ƙofar mana? A 2015 masana a Jami'ar York sun ga maganin farfaɗiya, fenitoyin, ya rage bazuwar cutar a jikin ɓeraye, amma bayanan majinyata a Birtaniya ba su nuna wannan amfani ba. Saboda haka kada wata ta nufi kemis.

Labarin da ya fi faranta mini rai daga Indiya ya zo a 2023. Dakta Rajendra Badwe na asibitin Tata da ke Mumbai ya jagoranci gwaji a kan mata 1,583. An yi wa kusan rabinsu allurar lidoken a kewayen kullutun 'yan mintoci kafin tiyata. Ita ce allurar kashe zafin da ake yi kafin ɗinkin rauni, kuma toshe ƙofofin sodiyam ne aikinta. Bayan shekara biyar, kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa suna raye, sauran kuwa kashi 86. Magani mai araha haka ya cancanci likitocinmu na Birnin Kebbi su dube shi da idon basira.

Sai dai duk matan gwajin sun je asibiti cutar ba ta yi nisa ba. A Nijeriya, inda aka ƙiyasta sababbin masu cutar sama da 32,000 a 2022, yawanci ba a zuwa sai ta ci jiki. "Daji ba ya son allura," in ji mutane game da sankara, sai a yi watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Kafin matar Shanga ta haɗa kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, sau da yawa lokacin irin wannan tiyata ya wuce, sai a tura ta asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato don a gasa cutar da na'ura.