Kyamarar Farko ga Mai Koyon Shirya Fim

Turmin Danya, fim ɗin ƙungiyar Tumbin Giwa da ya fito a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke shi. Yau matashin Gumel ko Gagarawa zai iya farawa da wayarsa, ko ya sayi kyamara ta hannu irin Canon 600D, mai araha, wadda ke da wurin jona makirufo. Wannan wurin ya fi yawancin abubuwan da masu saye ke dubawa muhimmanci, domin hayaniyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis kan danne muryar ɗan wasa. Kafin a biya kuɗi, a duba ko ƙurar hunturu ta shiga gilashin, a gwada batir, a kuma sayi na biyu saboda ƙarancin wutar lantarki.