Gardamar ƴan kallon "Star Wars": shin hali zanen dutse ne?

Ranar 25 ga watan Mayu na shekara ta 1977 aka fara nuna wani fim a gidajen silima na ƙasar Amurka mai suna "Star Wars", wanda masu jin Faransanci suka sani da "La Guerre des étoiles", watau yaƙin taurari. George Lucas ne ya rubuta labarin, shi ne kuma ya shirya fim ɗin, an kuwa ɗauki wani sashe nasa cikin hamadar kudancin Tunusiya. Yana daga cikin irin fina-finan da ake kira ƙagen kimiyya, inda ake nuna jiragen da ke ratsa sararin samaniya da mutum-mutumi masu magana. Daga wannan shekara zuwa 2019 an yi manyan fina-finai tara a kan zuriya guda, ta gidan Skywalker.

Abin mamaki, gardamar da ta fi zafi tsakanin masoyan waɗanga fina-finai ba ta jirage ba ce ko ta makamai. Mai kallo yana yarda a ce masa jirgi ya fi haske gudu, bai ce uffan ba. Amma ran da jarumin da ya sani ya aikata abin da bai yi kama da halinsa ba, sai ya miƙe yana tambayar dalili.

Wa ya fara harbi?

Cikin fim na farko akwai wani ɗan fasa-ƙwauri mai suna Han Solo, wanda bashi ya yi wa katutu. Wani mai farautar mutane don lada, Greedo, ya ritsa shi a mashaya da bindiga. Han ya yi ta jan sa da zance, har ya zare tasa bindigar a ƙarƙashin tebur ya harbe shi. A shekara ta 1997, da Lucas ya sake fito da fim ɗin, sai ya gyara wurin: Greedo ne ya fara harbi ya kuskure, sa'an nan Han ya mayar. Hujjarsa ita ce ba ya son a ɗauki Han a matsayin mai kisa ba tausayi.

Ƴan kallo da yawa ba su amince ba. Suka ce daɗin labarin Han shi ne a farko ba ya kula da kowa sai kansa da aljihunsa, amma a ƙarshe ya juyo da jirginsa ya ceci abokinsa Luke a tsakiyar yaƙi. In an mai da shi mutumin kirki tun daga farko, to juyowar tasa ba ta da sauran nauyi. An sake taɓa wurin a 2004, aka kuma taɓa shi cikin kwafin da ya fito a 2019, gardamar kuwa ba ta mutu ba. Wurin harbin bai wuce ƙiftawar ido ba.

Faɗuwar Anakin

Tsakanin 1999 da 2005 Lucas ya yi wasu fina-finai uku don ya nuna yadda yaron kirki, Anakin Skywalker, ya zama azzalumin nan Darth Vader. Cikin na 2005, Anakin ya yi mafarki matarsa Padmé za ta rasu wajen haihuwa. Shugaba Palpatine ya yaudare shi da cewa akwai asirin da ke hana mutuwa. Anakin ya durƙusa ya yi masa mubaya'a, ba da jimawa ba kuma ya shiga mazaunin mayaƙan Jedi ya hallaka har da ƙananan almajirai.

Masu suka sun ce an yi gaggawa: yaya mutumin da ke tsoron rasa iyalinsa zai tashi nan take ya kashe ƴaƴan wasu? Masu kare fim ɗin suka ce an daɗe da shuka irin. An haifi Anakin cikin bauta, aka raba shi da uwarsa yana ɗan shekara tara, kuma cikin fim na 2002, da ta rasu a hannunsa, ya karkashe mutanen zangon da suka kama ta, mata da yara duka. A ganinsu tsoron rashi ne ya ci shi, har ya zama sanadin mutuwar matar da yake son ceta. An gudu ba a tsira ba.

Luke a kan tsibiri

A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan dubu 4, labarin ya koma hannun wasu marubuta. A watan Disamba na 2017 aka fito da "The Last Jedi", wanda Rian Johnson ya rubuta ya kuma shirya. Nan ne masoya suka rabu gida biyu.

Luke Skywalker da aka sani a fim na 1983 saurayi ne da ya ƙi kashe mahaifinsa Darth Vader, ya jefar da takobinsa na haske, domin ya yi imani akwai sauran alheri a zuciyar uban. A fim na 2017 sai ga shi dattijo, ya ƙaurace wa duniya a kan wani tsibiri. Dalili kuwa, wani dare ya leƙa zuciyar almajirinsa Ben Solo, ɗan ƴar'uwarsa Leia, yana barci, ya ga mugun abin da zai zama, sai ya kunna takobi a kansa. Nan take kunya ta kama shi, amma yaron ya riga ya farka ya ga kawunsa tsaye da makami.

Ɓangare guda ya ce wannan ba Luke ba ne. Wanda ya ga alheri a zuciyar mai kisan dubbai ba zai zare makami a kan yaro mai barci ba, ba kuwa zai gudu ya bar ƴar'uwarsa cikin yaƙi ba. Ɗaya ɓangaren ya tunatar da cewa ko a 1983 sai da Luke ya fusata ya sare hannun mahaifinsa kafin hankalinsa ya komo. Ashe zafin zuciyar yana nan, tsufa bai kawar da shi ba, kuma nauyin almajirai ya bambanta da ƙarfin halin ƙuruciya. Sun ƙara da cewa fim ɗin ya nuna wannan dare sau uku, biyu daga bakin Luke, ɗaya daga bakin Ben, don mai kallo ya auna da kansa.

Shi kansa Mark Hamill, wanda ke fitowa a matsayin Luke tun 1977, ya faɗa a fili cewa ya shaida wa Johnson bai yarda da yadda aka juya jarumin ba. Daga baya ya nuna nadamar fitar da zancen waje, ya yabi fim ɗin. Duk da hayaniyar, fim ɗin ya tara fiye da dalar Amurka miliyan dubu 1 da miliyan 300.

An bar jaki ana dukan taiki

Ba duka gardamar ta tsaya kan ladabi ba. Kelly Marie Tran, ƴar wasa wadda iyayenta suka fito daga Biyetnam, ta sha zagi ta intanet saboda launinta da siffarta, har ta goge hotunanta na Instagram a watan Yuni na 2018. A cikin wannan shekara Ahmed Best, wanda ya fito a matsayin Jar Jar Binks a 1999, ya bayyana cewa tsangwamar da aka yi masa ta kai shi ga tunanin kashe kansa. Su biyun kuwa ba wanda ya rubuta labarin. Abin da aka ba su suka yi.

Kamfanin ma bai tsira daga zargi ba. Fim na 2017 ya ce iyayen jaruma Rey talakawa ne da ba a san su ba. Na 2019, wanda J. J. Abrams ya shirya, ya ce jikar Palpatine ce, ya kuma dawo da Palpatine ɗin, wanda aka ga faɗuwarsa tun 1983, ba tare da cikakken bayani ba. Da dama sun ɗauki wannan a matsayin lallashin masu fushi, sai ga shi waɗanda suka so na 2017 sun ji an ci amanarsu, waɗanda suka ƙi shi kuma ba duka suka huce ba.

Abin da wagga doguwar taƙaddama ta nuna shi ne, ko a duniyar ƙage akwai bashin da marubuci ke ɗauka. Yana da ikon ya sāke halin jaruminsa, gama mutum yakan sāke, amma wajibi ne ya nuna hanyar da aka bi, taki bayan taki. Mai kallo kuma yana da haƙƙin ya ce dalilin bai gamsar da shi ba, muddin ya tuna cewa ɗan wasan da ke gabansa ɗan Adam ne. Wanda ya ga Luke yana yaro a 1977 ya kai shekarun furfura a 2017, kuma wataƙila abin da ya fi yi masa zafi shi ne ganin jarumin ƙuruciyarsa ya tsufa, ya yi kuskure, ya ji kunya, kamar kowa.