Rage Ƙarfin Mai Karanta Zuciya a Wasan Dungeons & Dragons

A wannan wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana zama ne kewaye da tebur, kowa da jaruminsa, jagora yana ba da labari. Wani kan ƙirƙira wa jaruminsa baiwar karanta zuciya ba iyaka. Nan take asirin labarin ya tonu, saura su koma 'yan kallo.

A ganina ba sai an haramta baiwar ba, a dai yi mata linzami. A ƙayyade ta sau uku a yini. Wanda za a karanta ya jefa ɗan ludo mai fuska 20. In ya ci, zuciyarsa ta rufe. Kuma tunanin lokacin kaɗai za a ji, ban da tsohon sirri. Ta haka kowa zai sami rawar takawa.