Inda Mara Ta Haɗu da Cinya

Yau za mu taɓo wurin da kunya ke hana mu ambata, wato matsematsi, inda mara ta haɗu da cinya.

Ku ɗora yatsa a wannan lanƙwasar ku ɗan danna, za ku ji bugun babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa. Kusa da ita akwai 'yan ƙulalai masu tace ƙwayoyin cuta. Su ne ke kumbura in fartanya ta sari manomi ciwon ya ruru, sai mu ce kaluluwa ta fito.

Sama kaɗan akwai wata 'yar hanya, tsawonta kamar santimita 4, da ta ratsa naman ciki. Tun ɗa namiji yana cikin mahaifiyarsa, 'ya'yan marainansa suna can cikin cikinsa, sai wajen wata na 7 su biyo ta nan su sauko. Wurin ba ya rasa rauni. Shi ya sa ƙaba ta fi kama maza: kusan 27 cikin 100 a tsawon rayuwa, mata kuwa 3.

To, ku dubi mai ɗora buhunan citta a kasuwar Kachia ko Kwoi. Duk yunƙurin da ya yi, hanji na tura wannan wuri. Wata rana ya ga kumburi ya leƙo in ya miƙe ko ya yi tari, in ya kwanta ya koma ciki, wani lokaci har da ƙugi. Sai ya ɗaure da ƙyalle, ya sayi jiƙo, ya yi shiru, ko matarsa ba zai gaya wa ba.

Wallahi jiƙo ba ya toshe rami. Ɗinki ne maganinsa, kuma tun shekarun 1880 likitan Italiya Edoardo Bassini ya nuna yadda ake yinsa. Babban asibiti yana nan Kafanchan, a je likita ya duba tun kumburin na komawa.

In kuwa ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga azabar ciwo, ga amai, ba bayan gida ba tusa, to hanji ya maƙale, jini ya daina isa gare shi, cikin sa'o'i kaɗan yana iya ruɓewa. Ko tsakar dare ne, a nemi mota a kai mai ciwon asibiti, kada a jira gari ya waye.