2.3 Auna Cancantar Mai Neman Rance: Sanayya da Na'ura

A wannan sashe za a dubi hanyoyi biyu da bankuna ke bi wajen tantance wanda ya cancanci rance, tare da kawo misali daga ƙasar Amurka.

Hanya ta farko ita ce ta sanayya. A nan manajan reshe shi ke yanke hukunci bisa abin da ya sani game da mai nema: sana'arsa, riƙon amanarsa, da yadda ya saba cika alkawari. Wannan hanya tana cin lokaci da kuɗi, kuma takan buɗe ƙofar son kai da nuna bambanci.

Hanya ta biyu ita ce ta ba da maki. Bill Fair da Earl Isaac sun kafa kamfaninsu a shekarar 1956, kuma a 1989 kamfanin ya fito da makin FICO, wanda ke farawa daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne kan yadda mutum ya biya basussukansa na baya, kashi 30 kuma kan yawan bashin da ke kansa. Hanyar ta samu karɓuwa sosai daga 1995, lokacin da Fannie Mae da Freddie Mac suka shawarci masu ba da rancen gidaje su riƙa amfani da ita. Kwamfuta kan yanke cikin mintoci hukuncin da manaja zai kwashe kwanaki yana nazari a kansa.

Sai dai kuma na'ura ba ta auna abin da ba a rubuta ba. Ɗan kasuwar da bai taɓa cin bashin banki ba, ko da ya shekara ashirin yana cika alkawari, ba shi da tarihin da za a ba shi maki a kai. Binciken Petersen da Rajan na 1994 ya nuna cewa ƙananan kamfanonin da ke da dangantaka ta kusa da bankinsu sun fi samun rance cikin sauƙi.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa maki ya fi dacewa da ƙananan basussuka masu kama da juna, kamar na katin bashi. Amma ga ƙaramin ɗan kasuwa marar tarihi a rubuce, bankin da ya yi watsi da sanayya zai rasa abokin hulɗa nagari, shi kuma ɗan kasuwar zai rasa jari.