Abin da ya kamata ku sani kafin ku sauya wayar wutar tsohuwar tiransimita

Masu sha'awar rediyo, wato mutanen da ke karɓar lasisi su kafa 'yar tasha a gida don magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe, suna ji da tsofaffin na'urorin watsa saƙo masu aiki da bawul. Heathkit DX-100 da Johnson Viking Ranger, waɗanda aka ƙera a Amurka a shekarun 1950, har yau suna hannun mutane suna aiki. Haka ma Yaesu FT-101 ta Japan da ta fito a farkon shekarun 1970. Ƙarfensu mai kauri ne, taransifomarsu kuma ba ta saurin mutuwa. Wurin da tsufa ya fi cin su shi ne wayar da ke kawo wuta daga bango da filogin da ke bakinta. Roba takan bushe ta tsattsage, har a hango jan ƙarfe a daidai inda wayar ta shiga jikin na'urar.

Mutane da yawa suna yanke tsohuwar wayar su ɗaura sabuwa irinta, su ce an gama. A ganina wannan rabin aiki ne, domin matsalar tana cikin tsarin da aka yi wa na'urar tun daga masana'anta.

A lokacin da aka ƙera na'urorin Amurkan nan, soket ɗin gidajen Amurka mai rami biyu ne, don haka wayar ma sili biyu gare ta: mai wuta da nutural. Babu sili na uku da zai haɗa gangar jikin na'urar da ƙasa. Filogin kuma ƙafafunsa daidai suke, kowane gefe aka juya shi zai shiga. Wasu ma, kamar Ranger da DX-100, an sa musu fis guda biyu a cikin filogin kansa, ɗaya a kowane sili. Idan fis ɗin nutural ne ya ƙone, fitilu za su mutu, mai na'ura ya ɗauka babu wuta, alhali silin mai wuta yana nan a raye har cikin taransifoma.

Akwai kuma wasu ƙananan kwandansa guda biyu masu kama da ƙwayar magani, ɗaya daga kowane sili zuwa gangar jiki. An sa su ne don su tare hayaniyar igiyar rediyo kada ta bi waya ta shiga gida. Amma idan jikin na'urar bai haɗu da ƙasa ba, sai su biyun su raba wutar, gangar jikin ta ɗauki kusan rabin ƙarfin wutar bango. Shi ya sa mai irin wannan na'ura yakan ji tsam a yatsa idan ya taɓa akwatin, ko a leɓe idan makirufon ƙarfe ya gogi bakinsa. Wannan kaɗan ne. Ranar da kwandansan da ke kan silin mai wuta ya fashe ya haɗe, wutar bango ce gaba ɗaya za ta hau akwatin, kuma wanda ya riƙe shi zai zama hanyarta zuwa ƙasa. Saboda haka duk wanda ya buɗe na'urar don sauya waya ya cire su ya sa irin da aka yi musamman don wannan wuri, masu alamar Y2 a jikinsu, waɗanda aka ƙera don kada su haɗe idan sun lalace.

Kafin a kai ga nan, a zare filogi daga bango, kada a dogara da makunni. A cikin tiransimita akwai wuta mai ƙarfin bolt 600 zuwa 800 da ke zuwa manyan bawul irin su 6146, kuma manyan kwandansa suna riƙe ta bayan an kashe na'ura. Akwai rizista da aikinsa shi ne ya tsiyaye wannan wuta sannu a hankali, amma rizistan da ya shekara 60 yana iya yankewa ba wanda ya sani. A auna da mita. Idan akwai saura, a sauke ta zuwa gangar jiki ta cikin rizista, da sanda mai mariƙin roba, sannan a sake aunawa. Tsofaffin masu gyara suna aiki da hannu ɗaya su ajiye ɗayan a aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. Wanda bai taɓa aiki da wuta irin wannan ba ya nemi wanda ya saba ya tsaya masa.

Sabuwar waya ta kasance mai sili uku. A nan launi yana ruɗa mutane sosai. A tsarin Amurka, baƙi ne mai wuta, fari nutural, kore na ƙasa. A tsarin Ingila da Turai na yanzu, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi nutural, kore da rawaya na ƙasa. A tsohon tsarin Ingila kuwa ja ne mai wuta, baƙi shi ne nutural. Ke nan wanda ya saba da tsohon aikin Ingila, idan ya ga baƙin sili a na'urar Amurka, zai ɗauke shi mara wuta, alhali shi ne mai kisa. Kada a yarda da launi sai mita ta tabbatar da ƙafar filogin da kowane sili ya fito.

Silin mai wuta ya fara shiga fis, daga fis zuwa makunni, daga makunni zuwa taransifoma. Nutural ya wuce kai tsaye, ba fis a kansa. Silin ƙasa kuwa a matse masa zobe a baki, a ɗaure shi da sukuru da noti na kansa a jikin ƙarfe, da wosha mai haƙora, bayan an kankare fenti har ƙarfen ya yi fari. A bar shi ya ɗan fi sauran biyun tsawo, domin idan wani ya yi tuntuɓe da wayar ta fizgo, shi ne zai zama na ƙarshe da zai tsinke. A bakin ramin kuma a sa robar da ke damƙe waya. Ƙulla wayar a ciki, kamar yadda ake gani a tsofaffin na'urori, ba ya hana ta murɗewa tana gogar kaifin ƙarfe.

Wasu suna yanka rami mai kusurwa huɗu a bayan na'ura su dasa soket irin na bayan kwamfuta, wanda ake kira C14, mai ɗaukar amfiya 10. Yana da amfani, don ana zare wayar a ɗauki na'ura ba ta jan ƙasa, wasunsu ma da gidan fis a jiki. Amma ƙarfen da aka yanka ba ya dawowa, darajar na'urar a wurin masu tara irinta tana faɗuwa, kuma garin ƙarfe yana iya zubowa cikin kayan aiki. Idan waya mai sili uku za ta shiga tsohon ramin, ni na fi son a bar jikin yadda yake. FT-101 kuwa ba a sauya mata waya da garaje, domin mahaɗarta mai ƙafa 12 ce, kuma a cikin filogin akwai ƙananan wayoyi da ke haɗa wasu ƙafafu da wasu, su ne ke bambanta aiki da wutar gida da aiki da batirin mota. Sai an buɗe littafin na'urar an bi zanen.

Ga mu da ke Najeriya da Nijar akwai ƙarin abu. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce, mai zagaye 50 a daƙiƙa, su kuma na'urorin Amurkan an yi su ne don bolt 115 zuwa 117 mai zagaye 60. Sa musu filogi mai ƙafa uku irin namu yana sa wanda bai sani ba ya cusa su a bango kai tsaye, taransifoma ta ƙone nan take. Dole a bi da su ta na'urar rage wuta, a tabbatar silin ƙasa ya ratsa ta, a kuma manna takarda a baya da ke faɗin ƙarfin wutar da suke ci. Za su ɗan fi yin zafi a kan zagaye 50, don haka a ba su iska. FT-101 tana da wuraren zaɓe a jikin taransifomarta daga bolt 100 har 234, kuma idan aka mai da ita 220 daga 117 ana rage girman fis zuwa kusan rabi.

Bayan an gama, a auna tsakanin ƙafar ƙasa ta filogi da gangar jiki, mita ta nuna ƙasa da om 1. Kunnawar farko a yi ta ta cikin ƙwan fitila mai zare da aka jera a kan silin mai wuta: idan ya haska ya dushe, lafiya, idan ya tsaya da cikakken haske, akwai haɗewa a ciki, a kashe. Sannan a duba soket ɗin ɗakin, domin a gidaje da yawa ramin na uku ba a haɗa shi da komai ba. Ku kira mai aikin wuta ya auna muku shi, ya kafa sandar ƙasa idan babu, kafin ku kunna na'urar.