Kaka Ta Shigo: Mu Duba Garkar Bayan Gida

Idan watan Oktoba ya kama a ƙasar Gobir, daga Turba zuwa Isa har Sabon Birni, ruwa yakan ɗauke, raɓa ta yi yawa da safe, Gulbin Rima kuma ya soma ja da baya. Manya suna can wajen girbi da ɗaurin damma. Amma a garkar bayan gida ma akwai abin lura, musamman a shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa. Abin da garka ta bayar, da shi wani gidan zai yi miya har bazara.

Mu fara da tsuntsaye. Shamuwa da ta zo da ruwan fari ta yi sheƙa a itatuwan gari, yanzu ta kwashi 'ya'yanta ta nufi kudancin Afirka. Duk damina fara da tsutsa take ci, ta rage wa manomi ɓarna. Tana tafiya sai ga tsattsewa daga Turai, ta ƙetaro Hamadar Sahara tana kama ƙwari a sama. Mujiya ma, wadda mutane ke tsoro, ɓeraye take farauta da dare kusa da rumbu. Iyaye, a hana yara harbin waɗannan da danƙo. Ma'aikata ne da ba a biyansu ko kwabo.

Sai tsire-tsire. Kuɓewa ta ƙosa, a yanka a shanya, a ware iri. Yakuwa ta yi soɓorodo, kabewa da duma sun nuna. In ka ga ƙuduji da furensa mai kyau a gindin dawa, kada kyansa ya ruɗe ka. Tushe ɗaya yakan zubar da iri dubbai, irin kuwa yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. A tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a ƙone.

Gawo kuwa nasa hali dabam ne. Da damina yakan kaɗe ganye, hatsi ya sami rana a ƙarƙashinsa. Yanzu da sauran itatuwa ke shirin bushewa, shi sai ya yi kore shar. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki da rani. Maƙwabtanmu na Maradi sun gane wannan. Tun wajen 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma a can, suka riƙa barin tohon kututture maimakon sarewa. Da haka itatuwa miliyoyi suka dawo gonakin Nijar. In ka ga ɗan gawo ya tsiro a gonarka, ka sassabe kewayensa ka bar shi.

Akwai gargaɗi ɗaya. Ɓera yakan bi hatsi, maciji kuma ya bi ɓera. Kububuwa tana son ɓuya ƙarƙashin kara da tarin harawa. Kafin a ɗaga dami a taɓa shi da sanda, yara kuma su sa takalmi da dare. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya. A kai shi asibiti nan da nan.

Mai karatu, gobe da sassafe ka ɗauki yaranka ku zaga garka. Ka gaya musu sunan kowane tsuntsu da kowace ciyawa, da amfaninsu, kamar yadda kakanninmu suka koya mana.